Gwangwanin Barbaɗe

Litinin, 2 ga Maris

Auta ce ta kawo littafin nan. Wai in riƙa rubuta duk abin da uwarta ta ci, da lokacin da ta ci, da yadda cikinta ya wuni. Na ce ni ba akawu ba ne. Ta ce, Abba, ai ba ka da aikin yi yanzu. Ka ji 'yar yau.

To, ga abin da likita ta ce, kada in manta. Hanjin matata Gimbiya ba ya shiri da alkama, ko kaɗan. Shi ne ciwon cikin nan na shekara biyu, da gudawar, da ramar da muke ta ɗora wa tsufa. Ta ce alkama an yi sallama da ita ke nan har abada. Sauran hatsi kuma, da wake da madara da sukari, a jingine su na wasu watanni har cikin ya lafa. Auta ta ce tsarin yana da suna, faliyo, wai irin cin mutanen farko ne kafin a san noma: nama, kifi, ƙwai, ganye, 'ya'yan itace. Na ce mutanen farkon nan ina suke yanzu, ba duk sun mutu ba? Gimbiya ce kaɗai ta yi dariya.

Kilo arba'in da shida ta hau a sikelin asibiti. Likita ta ce in ta sauka ƙasa da arba'in da huɗu za su riƙe ta a gado. Gimbiya kuwa ba abin da take tsoro a duniya kamar gadon asibiti, a kansa uwarta ta rasu.

Da yamma Auta ta kwashe kicin kaf. Buhun fulawa, taliya, shinkafa, biskit, har yis ɗina, duk ta raba wa maƙwabta. Abin da ya rage mini kayan aiki ne kawai: teburin katako na marigayi Baba, wuƙa, gwangwanayen gashi, da gwangwanin barbaɗe da ke cikin aljihun tebur.

Shekara arba'in da ɗaya matar nan ba ta taɓa karya kumallo da burodin wani ba sai nawa. Yau an ce mini ni nake cutar da ita kowace safiya da hannuna. Ba haka likitar ta faɗa ba, amma haka na ji.

Laraba, 4 ga Maris

Auta ta kawo garin kwakwa, da na almon, wata irin gyaɗar Turawa, da na rogo. Na ce gari ai gari ne. Na ɗiba da hannu yadda na saba, na zuba ruwa. Ya shanye. Na ƙara, ya shanye. Wallahi kofi huɗu garin kwakwar nan ya sha yana kallona, ko alamar danƙo babu. Na murza har kafaɗata ta amsa. Ba ya ja, ba ya dawowa, sai marmashewa yake kamar yashi. Na rufe shi da tsumma na ba shi awa biyu ya tashi. Sau uku ina ɗaga tsumman ina leƙawa kafin in tuna babu yis a ciki.

Na gasa dai. Gimbiya ta ƙwanƙwasa shi da yatsa ta ce kada a zubar, dama ƙofar banɗaki tana bugawa in ana iska, a tokare ta da shi.

Ta ci: rabin dafaffen ƙwai, ruwan zafi da zuma. Da rana romon kaza, cokali kaɗan. Ciki lafiya.

Alhamis, 5 ga Maris

Rabin ƙwai. Ta ce safiya ba burodi ba ta san ta inda za ta fara ba.

Asabar, 7 ga Maris

Yau tun da na tashi gidan burodinmu nake tunawa. Tanderun bulo da Baba ya gina da kansa, baƙi ƙirin ta ciki, wanda ba ya hucewa daga shekara zuwa shekara. Baba ba ya auna zafi da komai. Zai watsa ɗan gari a bakin tanderun ya ƙirga a ransa, in ya yi ja kafin goma, wuta ta yi yawa. Sikeli kuwa muna da shi, amma a saman kabad yake, kaza ta taɓa yin ƙwai a ciki.

A ƙofar gidan burodin na fara ganinta. Innarta ce ke aiko ta. Sai ta tsaya can nesa da kanta, ta tattare rigarta kada gari ya taɓa ta, ta nuna wanda take so da yatsa ɗaya. Baba ya ce, ga Gimbiya ta iso, a ba ta hanya. Sunan ya bi ta ke nan, har 'ya'yanta sun girma wasu ba su san tana da wani ba.

Bayan mun yi aure, da gashin farko ya fito sai in naɗe guda a takarda in sa a hammata in taho gida da sauri, yana ƙona ni ta cikin riga. Kafin ta ce sannu da zuwa ta riga ta ɓalle ƙeyar burodin ta sa a baki. Kullum ƙeyar, ɓawon nan mai ƙarfi. Yara su ci tsakiya.

Da gwiwoyina suka ƙi, shekara uku ke nan, na bar wa Dogo gidan, shi da ya yi shekara ashirin yana tsaye mini a bakin wuta. Teburin kawai na ɗauko. Guda biyu nake yi kowace safiya, ɗaya namu, ɗaya na duk wanda Allah ya kawo.

Ta ci: kifi gasasshe, kaɗan. Ayaba ɗaya.

Talata, 10 ga Maris

Auta ta zo da takarda da ta bugo a wurin aikinsu, da wani ɗan sikeli mai batir. Wai a auna komai da giram. Ƙwai shida a burodi ɗaya! Soda da ruwan lemon tsami maimakon yis. A juya, a zuba, a gasa. Ba murzawa, ba jira.

Na ce wannan ba kwaɓi ba ne, ƙullu ne. Burodin da ake zubawa kamar ruwa ai ba burodi ba ne. Ta ce, Abba, ka gwada dai yadda aka rubuta. Na ce wanda ya rubuta takardar nan shekara nawa ya yi a bakin tanderu? Ta ce ba ta sani ba. Na ce to ni hamsin.

Na sa takardar ƙarƙashin tulun zuma. Sikelin yana kan firji.

Juma'a, 13 ga Maris

Na leƙa wurin Dogo. Tun daga kwanar mai gyaran takalmi ƙamshin ya tare ni, sai da na dafa bango. Sun sa injin murza yanzu, yana ta kuka a lungu. Dogo ya ce, Maigida, taɓa ka ji. Na danna kwaɓin da yatsa, ya dawo mini a hankali, mai ɗumi, mai rai. Idona ya ciko, na ce hayaƙi ne. Dogo ya ce ai gas suke amfani da shi yanzu. Ɗan banza.

Na gaya masa halin da ake ciki. Ya ce in gwada garin aya, wani abokin cinikinsa yana saye don matarsa.

Kafin in shiga gida na cire rigar a bayan ƙofa na wanke hannu da fuska, kamar yadda Auta ta kafa doka. Ni ne yau nake shiga gidana kamar wanda ya dawo daga yashe kwata.

Ta ci: ƙwai ɗaya, fiya rabi. Zoben hannunta ya fara yawo a yatsa.

Litinin, 16 ga Maris

Alhamdu lillahi! Yau an yi burodi a gidan nan.

Garin aya hannu uku, na rogo hannu biyu, ɗan almon, ƙwai uku ba shida ba, man kwakwa, gishiri, ruwan ɗumi. Rogon ne ke da danƙo, ashe. Ya kama tebur ya kama yatsu, sai na yi barbaɗe na tattaro shi na ninka, na sake ninkawa, ya haɗe. Na shafa wa gwangwani mai, na barbaɗe shi, na kwantar da kwaɓin. Bai tashi sosai ba, amma ya fito daga gwangwani salin alin, da ɓawo ja a gefe.

Na kai mata ɗaki a faranti. Ta kalle shi, ta kalle ni. Ta ɓalle ƙeyar.

Ta ci ƙeya ɗaya da yanka ɗaya. A rubuta da manyan baƙi.

Alhamis, 19 ga Maris

Yanka biyu da zuma, ƙwai ɗaya. Ta ce a ƙara gishiri. Mai ƙorafin gishiri ai ta warke.

Auta ta ɗanɗana ta ce, Abba, ka ci gari. Na ce takardarki tana nan ƙarƙashin zuma in kina so.

Talata, 24 ga Maris

Safiyar yau kamar da. Ina aiki a tebur, ita tana zaune bakin ƙofar kicin da kofinta, rana ta shigo ta taga ta sauka a kan katakon. Akwai wani kwari a tsakiyar teburin nan inda hannun Baba ya cinye itacen, nawa ya ƙarasa. Kwaɓi da kansa yake gangarawa can. Ta ce tana tuna ranar da babban ɗanmu yana rarrafe ya faɗa cikin buhun fulawa, muka tsamo shi fari fat sai ido. Muka yi dariya har ta riƙe ciki.

Na ɗauka dariyar ce ta sa ta riƙe cikin.

Asabar, 28 ga Maris

Cikin ya dawo. Sau huɗu ta shiga banɗaki kafin rana ta yi tsaka. Ta ce ƙila sanyi ne.

Laraba, 1 ga Afrilu

Ba sauƙi. Na cire dabino, na cire fiya, na cire almon daga burodin. Auta ta zauna da littafin nan tana bin layi da yatsa kamar mai neman ɓarawo. Ta ce duk abin da ke nan halal ne a tsarin. Ta kira maƙwabciyarmu ta tambaye ta ko tana kawo wa Umma wani abu a ɓoye. Matar ta ji haushi, da gaskiyarta.

Abinci duk ya fita ran Gimbiya, sai burodin kaɗai take iya ci. Na ƙara mata zuwa yanka uku, ko ya riƙe ta.

Litinin, 6 ga Afrilu

Arba'in da huɗu da rabi.

Likita ta cire tabarau ta ce mini, Baba, alkama tana shiga cikin matar nan ta wata hanya. Na ce, likita, tun ranar da kika yi magana ko ƙwayar alkama ɗaya ba ta shigo gidana ba, na rantse. Har muryata ta ɗaga, mutane suna leƙowa. Gimbiya ta ja mini riga.

A mota ta jingina kai da gilashi, wuyanta kamar a ƙirga jijiyoyin.

Alhamis, 9 ga Afrilu

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Auta ta ɗauki hutun safiya ta ce tana son ta ga yadda nake yi, daga farko har ƙarshe. Na ce yau kuma ni za a sa wa ido a kan burodi? Ta ja kujera ta zauna da littafin. Na ɗebi aya, ta rubuta. Rogo, ta rubuta. Ƙwai, mai, gishiri. Na juye kwaɓin a tebur. Hannuna ya ja aljihun, ya shiga gwangwani, ya watsa sau biyu a katako, sau ɗaya a kan kwaɓin.

Ta ce, Abba, mene ne wannan?

Na ce barbaɗe.

Ta ce, barbaɗen mene ne?

Na kalli gwangwanin. Ta ɗauki gwangwanin ta shinshina. Ta ce, fulawa ce, Abba. Na ce ai ba a ciki take ba, a waje take. Ina faɗa ina kallon hannuna yana ninka farin garin cikin kwaɓin.

Da ta yi mini ihu da ya fi mini. Sai ta ce a hankali, sati uku da kwana uku. Ta ce me ya sa ban rubuta ba. Na ce ba a rubuta barbaɗe. Baba bai taɓa lissafa shi cikin gari ba. In an ce buhu goma aka kwaɓa, buhu goma ne, barbaɗe kuwa yana tare da wuƙa da tsumma, kayan aiki ne. Ta ce ga garin rogo nan a gabanka, da shi ka watsa mana. Wallahi tallahi bai taɓa zuwa mini a rai ba. Hannun ne yake zuwa aljihun da kansa, tun ina ɗan shekara goma sha uku.

Kuma na rantse a gaban likita. Kuma da cikin ya tsananta ni ne na ƙara mata zuwa yanka uku.

Gwangwanin ya kusa ƙarewa. Duk abin da babu a cikinsa yana cikin matata.

Juma'a, 10 ga Afrilu

Ban shiga kicin ba.

Asabar, 11 ga Afrilu

Jiri ya ɗebe ta a bakin banɗaki. Arba'in da uku da rabi. Sun riƙe ta a asibiti, gado na uku daga ƙofa, kusa da taga. Ta riƙe hannun Auta gam lokacin da ake sa mata ruwa, idonta a rufe, bakinta yana motsi.

Ni na kai ta can. Ba wani ba.

Litinin, 13 ga Afrilu

Na je da rana, na zauna nesa da gadon. Ta ce, Malam, matso mana, ko ni ce ke warin fulawa? Na matsa. Na fara cewa ta yafe mini, ta katse ni. Ta ce dama ta san burodin nan ya yi daɗi da yawa, akwai lauje a wani wuri.

Can ta ce, ai ni ma ina bakin ƙofa ina kallonka kana watsawa kullum, ban kawo komai a raina ba. Shekara arba'in ina ganin hannun nan yana yin haka, ina share maka garin daga gira. Ta ce mu biyu ne makafin.

Na san don ta sauƙaƙa mini ta faɗa. Bai sauƙaƙa ba.

Laraba, 15 ga Afrilu

Likita ta ce katako yana riƙe gari a tsagunsa, tsofaffin gwangwanaye ma haka. Duk su fita kafin a sallame ta.

Dogo ya zo da mota da mutum uku. Sai da aka cire ƙyauren kicin kafin teburin ya wuce, kamar yadda aka yi ranar shigo da shi. Dogo ya ce zai sa shi inda yake a da, gefen tanderu, kuma ba wanda zai yanka komai a kansa. Na ce tebur ne, ku yi abin da kuka ga dama. Da suka ɗaga shi na sa tafin hannuna cikin kwarin nan sau ɗaya, ina cewa ina duba ko ƙusa ta fito.

Ƙafafunsa sun bar tabo huɗu a siminti. Auta ta wanke bango da kabad har da silin, ta kawo teburin ƙarfe mai ƙyalli irin na asibiti, da kwanon gilashi na gashi. Kicin ɗin yana amsa murya yanzu.

Alhamis, 16 ga Afrilu

An sallame ta. Ta shiga kicin ta tsaya, ta ce kamar an yi mana sata.

Talata, 21 ga Afrilu

Ciki ya lafa. Tana cin ƙwai, kifi, dankali, kabewa, amma kamar mai shan magani. Auta ta sayo wani burodi marar hatsi a babban kanti, cikin leda. Gimbiya ta tauna ta ce da wannan da soson wanka uwarsu ɗaya.

Ta ce, Malam, ba za ka yi mini ba? Na ce hannuna ba abin yarda ba ne. Ta ce ai gwangwanin ya tafi. Na ce hannun bai tafi ba. Jiya ina wanke kofi na kama shi yana lalube ƙarƙashin teburin ƙarfen, yana neman aljihun da babu.

Asabar, 25 ga Afrilu

Na fito daga wanka na ji motsi a kicin. Gimbiya ce zaune a kujera, tabarau a karan hanci, ta zaro takardar Auta daga ƙarƙashin zuma, ta sauko da sikelin nan daga kan firji. Tana karantawa a fili kamar 'yar aji uku. In ta cika cokali sai ta shafe bakinsa da wuƙa. Ta zuba gari ya wuce da giram biyu, ta kwashe biyun.

Na tsaya bakin ƙofa na sa hannuwana a baya. Na ce a ɗan murza shi. Ta ce takarda ba ta ce ba. Na ce ruwa ya yi yawa. Ta ce takarda ta ce haka zai yi. Na ce a bar shi ya huta. Ta ce, Malam, kai je ka huta.

Shekarar da muka yi aure ta taɓa cewa in koya mata kwaɓi. Na ce kin auri mai burodi, me za ki yi da koyo? Ba ta sake tambaya ba. Na manta da maganar nan sam, sai yau da na ga yadda take riƙe da cokalin.

Ya fito. Gajere, rawaya, ba ɓawon kirki, ya fi kama da kek ɗin da aka manta sa wa sukari. Amma bai marmashe ba, ya yanku. Ta ci yanka biyu a tsaye. Ta miƙo mini, na ce ba laifi.

Laraba, 29 ga Afrilu

Ta yi na uku. Ta gano in aka raba farin ƙwai da gwaiduwa aka buga farin har ya yi kumfa, burodin yana tashi. Ba a takarda yake ba, ita ta yi tunaninsa. Sai dai hannunta ba ƙarfi, rabin hanya take tsayawa tana haki.

Ta ce, kai da kake tsaye kamar mai gadi, zo ka yi amfani. Sai da ta sa na wanke hannu, na juye aljihun rigata ta gani. Na buga ƙwai shida har kumfar ta tsaya, aka kife kwano ba ta zubo ba. Ta ce, ashe kana da rana.

An ɗauke ni aiki, ba albashi.

Litinin, 4 ga Mayu

Arba'in da biyar. Likita ta ce me aka canza. Auta ta ce an canza mai gashi. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, don a gaban mutane ne.

Asabar, 9 ga Mayu

Na kasa haƙuri na ce mata in ana son ɓawo, a sa kwanon ruwan zafi a ƙasan tanderu, tururi ne ke yin ɓawo. A da Baba bokiti guda yake watsawa a kan bulo, tururin ya turnuƙe har ba ka ganin wanda ke kusa da kai. Ta ce za ta yi shawara. Shawara! Da wa?

Ta sa dai. Ɓawon ya fito ja, yana ƙara in an danna. Ta ɗauki biro ta rubuta a gefen takardarta: ruwan Malam. Takardar duk ta cika da rubutunta yanzu, da ɗigon mai.

Na ci yanka biyu. Yunwa ce.

Alhamis, 14 ga Mayu

Na bi ta wurin Dogo. Teburin yana nan gefen tanderu, an ɗora rediyo a kansa. Ya ba ni burodi mai zafi na ci a can, na wanke baki da hannu. Burodi ne mai kyau, ba abin da zan ce. Na zauna kamar minti goma sai na ga ina duba agogo, don Alhamis take yin na kabewa, kuma kumfar ba ta jira.

Alhamis, 21 ga Mayu

Arba'in da takwas. Ta hau sikelin ta sauko da kanta, ba ta dafa kowa ba. A hanya ta sa aka tsaya ta sayi irin kabewa da riɗi, wai za ta gwada a saman ɓawo. Kumatunta sun fara dawowa. Ta yi wa direba faɗa a kan gudu, rabon da in ji ta yi wa wani faɗa tun bara.

Lahadi, 24 ga Mayu

Ina zaune a benci ƙofar gida da hantsi sai ga wata mata da jaka a hannu, tana duba lambobin gidaje. Ta gaishe ni. Ta ce an hana mijinta hatsi wata guda ke nan, ya ƙi cin komai, wata ma'aikaciyar jinya ta ce mata akwai gidan da ake yin irin burodinsu a layin nan. Idonta duk ya faɗa, na san irin kallon. Ta ce, Baba, don Allah nan ne gidan mai burodi?

Na ce nan ne, shiga, tana ciki.

Sai da ta shige na ji abin da bakina ya faɗa. Suɓutar baki ce kawai, ba wani abu ba. Na zauna ina kallon titi. Ta taga ina jin Gimbiya tana yi mata bayani dalla-dalla, giram kaza na aya, giram kaza na rogo, kada ki murza, kada ki jira, kuma ki bincike kowane aljihu na kicin ɗinki. Matar ta yi dariya, ba ta san dalili ba.

Can Gimbiya ta ɗaga murya ta ce, Malam, zo ka nuna wa baiwar Allahn nan yadda ake buga ƙwai.

Na tashi na je na wanke hannu har gwiwa.